Fuka Ba Ta Hana Ɗan Wasa Cin Gasa

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da zarar an kai gero da dawa rumbu, sai samari su koma fage. Nan ana kokawa, can ana dambe, 'yan makaranta kuwa suna ƙwallo da tsere. Abin lura shi ne, lokacin wasannin nan shi ne lokacin hunturu, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke zuwa a bushe da sanyi da ƙura, ga kuma hayaƙin ƙunar daji. Irin wannan iska ita ce babbar abokiyar gābar mai fuka, ciwon da likitoci ke kira asma.

Sau da yawa mu kan ga yaro ƙaƙƙarfa ya yi wasa lafiya lau, amma bayan an tashi da minti 5 ko 10 sai tari ya sarƙe shi, ƙirji ya ɗaure, numfashi na fita da ƙara. Abokansa su ce raki ne, malami ya ce ragwanci. To, ga yadda abin ya ke. Hanci shi ke ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta kai huhu. Mai gudu kuwa da baki ya ke numfashi, sai iska ta shiga da yawa a bushe, ta busar da hanyoyin numfashi, su kuma su tsuke. Galibi ya kan sake cikin sa'a guda, shi ya sa a ke raina shi, alhali kuwa wani lokaci ya kan yi kisa.

Kada wannan ya sa iyaye su hana yaro fage. Jackie Joyner-Kersee ta Amurka da fukarta ta ci zinariya uku a wasannin Olamfik na 1988 da 1992. Paula Radcliffe ta Ingila, ita ma mai fuka, ta yi tseren kilomita 42 a Landan cikin 2003 a sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, ba macen da ta fi ta sai 2019. Amma akwai izina: a Munich cikin 1972 an ƙwace wa Rick DeMont, ɗan shekara 16, zinariyar ninƙaya, don maganin fukarsa na ɗauke da sinadarin da aka haramta. Saboda haka mai niyyar babbar gasa ya sanar da likitan wasa kowane magani ya ke sha.

Dabara ta farko ita ce a ga likita. Ya kan sa yaro ya hura na'ura kafin gudu da bayansa. In ƙarfin hurawar ya ragu da kashi 10 cikin 100, an tabbatar da ciwon. Sa'an nan ɗan wasa ya motsa jiki sannu a hankali kamar minti 15 kafin a fara. In likita ya rubuta masa maganin shaƙa irin Ventolin, ya shaƙa minti 15 kafin shiga fage, ya kuma ajiye shi kusa. Wanda ke bukatarsa kullum ya koma asibiti, don akwai wani maganin na rigakafi. A yayyafa wa fage ruwa, a rufe hanci da ƙyalle da sanyin safiya.

In ciwon ya tashi, a zaunar da yaro a miƙe, a ba shi maganinsa, kada a turara masa hayaƙi. In ya kasa magana ko leɓensa ya sake launi, a garzaya da shi asibiti nan take.

Muna kira ga malaman makaranta da shugabannin 'yan dambe da kokawa, su riƙa tambayar yaransu wa ke tari bayan wasa, tun kafin hunturu ya kama. Allah ya ba mu lafiya, amin.