Yadda Kifi Ke Rayuwa Idan Tabki Ya Yi Zafi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, kun taɓa lura da bazara yadda kifaye ke tasowa saman tabki da asuba suna buɗe baki? Ga dalili.

Jikin kifi ba ya riƙe ɗuminsa kamar namu, zafin ruwa yake bi. In ruwa ya yi zafi, aikin jikinsa sai ya ƙaru, ya ƙara buƙatar abinci da iskar oksijin. Ga shi kuwa ruwan zafi iska kaɗan yake riƙewa. Karfasa tana wahala, amma tarwaɗa Allah Ya ba ta hanyar shaƙar iska daga sama.

Gaiwa ma ta fi ban mamaki, don huhu gare ta. In tabki ya ƙafe sai ta shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta rage aikin jikinta, tana cin jikinta har damina.

Shara da kashin dabbobi in sun ruɓe a ruwa, cinye iskar suke yi. To mu daina zubawa a tabki, don abincinmu da na masunta yana ciki. Allah Ya sa mu kiyaye, amin.