Mene ne nabe, girkin tukunya ɗaya na Japan?

Nabe a harshen Japan na nufin tukunya, kuma shi ne sunan abincin da iyalai ke haɗuwa a kansa lokacin sanyi. Ya yi kama da farfesu, sai dai a gaban masu ci ake dafa shi: ana ɗora faffaɗar tukunyar ƙasa kan ɗan murhun gas a tsakiya, kowa na tsamo abin da ya nuna.

Romon, wanda ake kira dashi, shi ne ginshiƙi. Ana samun sa daga ganyen teku mai suna kombu da busasshen kifi da aka kankare. Karas da kaza ake fara zubawa, ganye ya biyo baya. A nau'in shabu-shabu, da ya samo sunansa a Osaka, ana yanka naman shanu siriri kamar takarda, a kaɗa shi cikin romo na 'yan daƙiƙoƙi. Daga ƙarshe a zuba shinkafa ko taliya a ragowar romon.

Ga mai son gwada shi a Zangon Daura, inda hunturu ke tsananta a Disamba da Janairu, kayan ba su da wuyar samu: tukunyar ƙasa, kurfoti, kabeji, albasa da awara, wadda ita ce Japanawa ke kira tofu. Busasshen kifi da 'yar daddawa suna ba da romo mai armashi. Girke-girken Japan kan sa naman alade da giyar shinkafa, don haka Musulmi sai ya musanya su da naman rago da ɗan sukari. Gawayi kuwa a tsakar gida ake hura shi, domin iskar da yake fitarwa tana kisa a rufaffen ɗaki.