Katun ɗin da muka sani ya girma, yaranmu kuwa ba su girma ba tukuna

Wani dare ina bakin aiki a ɗakin yara, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na je auna zafin jikin wani yaro ɗan shekara bakwai da ya karye a ƙafa. Mahaifiyarsa tana gyangyaɗi a kan tabarma, shi kuwa ya ƙura wa wayarta ido. Ina leƙawa sai na ga wani mai jajayen kaya yana saran mutane da takubba biyu, jini na tsartuwa. Na taɓa ta na ce, “Hajiya, kin san abin da yake kallo?” Ta ce, “Sista, ai Spider-Man ne, yayansa ya turo masa don ya daina kuka.”

Ba Spider-Man ba ne. Deadpool & Wolverine ne, wanda ya fito a 2024 daga kamfanin Marvel, mallakar Disney, wato gidan da ya ba mu Cinderella da Simba. A Amurka an yi masa alamar R, ma'ana ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga kallonsa sai da babba. Ban ga laifin matar nan ba ko kaɗan. Kayan jajaye ne, fuskar a rufe take, kuma da ke ce kika kwana uku kina jinya, kema abin da za ki ce ke nan.

'Yar'uwa, idan shekarunki sun kai talatin kamar nawa, kin taso a lokacin da kalmar katun take nufin abin da za a kunna wa yara a tafi kicin hankali kwance. Wannan zamanin ya wuce, kuma dalilin wucewarsa yana cikin wata muhawara da masoya fina-finai suka shafe shekaru suna tafkawa a kan manyan kamfanonin katun na Amurka.

Ƙorafinsu na farko shi ne kamfanonin sun daina ƙirƙira, sai maimaici. Mu da muka saba da kashi na ɗaya da na biyu a fina-finan Hausa da littattafan soyayya, abin ba baƙo ba ne a wurinmu, amma duba wannan. Toy Story ya fito a 1995, na biyu a 1999, na uku a 2010. A na ukun yaron mai kayan wasan ya girma zai tafi jami'a, ya miƙa su ga wata ƙaramar yarinya, manya suka yi ta sharar hawaye a silima saboda tare da shi suka girma. Da yawa sun ɗauka labari ya ƙare nan. Sai ga na huɗu a 2019, sannan aka sanar da na biyar. Masu suka na cewa saniya ce ake ta tatsa har sai ta ƙafe. Shi kuwa Moana 2 na 2024, da farko shiri mai dogon zango aka tsara don kallo a gida, daga baya aka harhaɗa shi ya zama fim, kuma masu kallo da dama sun ce ana ganin ɗinkin.

Sai dai bakin masoya daban, aljihunsu daban. Moana 2 ɗin da aka kushe ya tara sama da dala biliyan 1. Inside Out 2, shi ma na 2024, ya haura dala biliyan 1.6. Da kamfanin Pixar ya fito da sabon labari fil mai suna Elio a 2025, kimanin dala miliyan 21 kawai ya samu a ƙarshen makonsa na farko a Amurka, mafi ƙanƙanta a tarihin kamfanin. Fim ɗaya irin wannan yakan ci dala miliyan 150 zuwa 200 kafin a kammala shi. Wanda ya zuba irin wannan dukiya, sunan da mutane suka riga suka sani zai bi. Kuma ba yaro ne ke sayen tikiti ba. Uwa da uba ne, waɗanda suka kalli The Lion King a 1994 suna ƙanana, yanzu suna son su sake ɗanɗana yarintarsu.

Nan ne abin ya shafe mu. Tun da babba ake zawarci, dole labarin ya yi nauyin da zai riƙe babba.

Ba na cikin masu cewa duk ci gaban fim ɓata lokaci ne. Inside Out 2 ya nuna yarinya 'yar shekara 13 da fargaba ta mamaye ta har numfashinta ya sarƙe, kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya na ga an nuna abin yadda yake faruwa. Na sha karɓar 'yammata da aka kawo da dare ana cewa zuciya ce ko iska, alhali tsananin fargaba ce. Idan kina da budurwa a gida, ku zauna ku kalle shi tare, zai buɗe muku hirar da ta daɗe tana yi muku wuya. Haka Puss in Boots: The Last Wish na 2022, wanda masoya ke kafa hujja da shi cewa kashi na biyu yana iya fin na farko. Gaskiyarsu. Amma a cikinsa akwai wani kyarkeci mai jajayen idanu da lauje biyu, wanda shi ne mutuwa da kanta, yana bin magen nan yana fito. Fim ne mai kyau ƙwarai, kuma ba zan kunna wa ɗan shekara huɗu shi ba.

Ƙorafi na biyu ya fi zafi, shi ne mayar da tsofaffin katun zuwa fim na mutane. The Lion King na 2019 ya tara sama da dala biliyan 1.6, amma har yau ana yi masa gorin cewa zakunan sun yi kama da na gaske har fuskarsu ta daina nuna baƙin ciki. A katun ɗin asali kana ganin tashin hankali a idon Simba lokacin da uban ya mutu, a sabon kuwa kamar shirin namun daji kake kallo. Mulan na 2020 an cire waƙoƙin, an cire ɗan dodon nan Mushu mai ban dariya, aka mayar da shi fim ɗin yaƙi mai alamar PG-13, alhali na 1998 alamar G gare shi, wato na kowa da kowa. Cruella na 2021 shi ma PG-13 ne. Suna ɗaya, hoton bango kusan ɗaya, amma ba masu kallo ɗaya aka nufa ba.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne rigimar Lilo & Stitch na 2025. A katun ɗin 2002, Nani budurwa ce da iyayensu suka rasu, tana ta faɗi-tashi kada hukuma ta ƙwace mata ƙanwarta Lilo, kuma a ƙarshe suna tare. A sabon sai aka sa ta bar ƙanwar a hannun wata dattijuwa maƙwabciyarsu ta tafi karatun jami'a. Wasu masoya suka fusata, suka ce an rushe ginshiƙin labarin, wanda shi ne ba a yar da ɗan'uwa. Wasu kuma suka ce a al'adar mutanen Hawaii ba da riƙo ga na kusa ba yarwa ba ne, tsohon abu ne da suka gada. Da na karanta wannan sai na yi murmushi, don ni kaina a hannun gwaggona na yi firamare, kuma ban taɓa jin an yar da ni ba. Duk da haka na fahimci masu fushin. Yaron da ya rasa uwa, ko wanda iyayensa suka rabu, ba da idon babba zai kalli wannan ƙarshen ba.

Surutun masoya yana tasiri wani lokaci. A 2019 da aka saki tallan fim ɗin Sonic, jama'a suka yi ca a kan siffarsa, musamman haƙoransa irin na mutum, har kamfanin ya ɗage fitowar zuwa Fabrairun 2020 ya sake zana shi. Amma ki lura da masu surutun. Samari ne da manya masu kare abin da suka so suna yara. Ba kasafai za ki ji muryar uwar da ɗanta ya farka da ihu ƙarfe biyun dare a cikinsu ba.

A da Disney tana da wata dabara mai sauƙi. A 1984 ta buɗe wani reshe mai suna Touchstone don fina-finan manya, sunan Disney kuma aka bar shi ga na iyali. Daga baya ta sayi Pixar a 2006, Marvel a 2009, sannan sashen fina-finan Fox a 2019, komai ya taru a rumbu ɗaya. Akwai kuma wata ƙofa da ba ruwan Disney da ita. Littafin Winnie-the-Pooh na 1926 ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka a Amurka a farkon 2022, nan da nan wasu 'yan fim a Ingila suka yi fim ɗin kisa da sunan wannan beyar mai son zuma, ya fito a 2023. A shekarar ce aka kunna wa 'yan aji huɗu na firamare wani ɓangarensa a wata makaranta a yankin Miami, iyaye suka tayar da jijiyar wuya. Idan malami a Amurka zai faɗa wannan rami, ina ga mu?

Domin mu a nan yawanci ba ta silima fim ke iso mana ba. Ta wurin masu turi yake zuwa, ko daga wayar yaya zuwa ta ƙane, wani lokaci da fassarar Hausa a kai. Kafin ya iso hannun yaronki, alamar shekarun da ke jikin bangonsa ta ɓace, sai suna kawai, ko ma “katun 3”. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa tana da nata alamomin, G da PG da 12 da 12A da 15 da 18, amma ba ta zaune a shagon mai turi.

Wata malamar jami'ar Wisconsin, Joanne Cantor, ta daɗe tana nazarin abin da ke tsorata yara a talabijin. Abin da ta gano ya dace da abin da nake gani a wurin aiki. Ƙananan yara, 'yan ƙasa da bakwai ko takwas, siffa ce ke firgita su: mummunar fuska, ko mutum ya rikiɗe ya zama dodo, ko da dodon na kirki ne. Ce musu “ai ba gaske ba ne” bai cika amfani ba, don ba su gama rarrabe gaske da wasa ba. Waɗanda suka ɗan tasa kuwa abin da zai iya faruwa ne ke damunsu, kamar mutuwar iyaye, gobara ko satar yara. To fim na mutane yana rage tazarar da zane yake bayarwa. Zanen kura dariya yake ba yaro, kurar da ta yi kama da ta gaske kuwa tana iya binsa har shimfiɗa. Idan kika ga yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, ko ya ƙi kwana shi kaɗai, ko ya riƙa maƙale miki ba dalili, cikin tambayoyin da za ki yi har da abin da ya kalla a makon. Idan fitsarin ya ci gaba, ko yana jin zafi wajen yinsa, ko yana yawan shan ruwa, wannan kuma na asibiti ne.

Abin da nake yi a gidana bai ɗaukar minti biyu. Ina rubuta sunan fim ɗin a Google tare da shekarar fitowarsa, don shekarar ce ke raba Mulan da Mulan. G da PG na bari, ko da yake PG ma nakan fara leƙawa idan ƙaramar ce za ta kalla. PG-13 sai na kalla da kaina tukuna. R ko 18 ba ya kwana a wayar. Idan na aiki babban wurin mai turi, da sunayen a rubuce a takarda yake tafiya, ba “a zuba masa katun” ba.

Shi kuwa yaron nan na ɗakin jinya, da muka goge fim ɗin sai ya ɓata rai ya juya mana baya. A wayata akwai Iwájú, wani katun da Disney ta yi da kamfanin Kugali a 2024, labarin wata yarinya a Legas ta nan gaba. Na ba shi aro zuwa lokacin maganin ƙarfe biyu. Da na dawo na tarar ya yi barci, mahaifiyar ce riƙe da wayar, ta kai kashi na uku.