Kifin Baɗi Yana Cikin Ruwan Bana

A Kangire da ƙauyukan da ke kewaye da Birnin Kudu da Gwaram, yawancin masu su manoma ne. Damina suna gona. In an kai amfani gida, ruwa ya fara janyewa daga fadama, sai su ɗauko koma da birgi su nufi tafki. Kifin nan shi ne naman miyar gidaje da yawa, shi ne kuma kuɗin cefane da rani. Amma tsofaffin masunta suna kukan kifi ya ragu, wanda ake samu ma ƙanana ne. Dalilin yana da alaƙa da lokacin da ake su da irin kayan da ake sawa a ruwa.

Kogin Bunga da ya ratsa ƙasar Gwaram daga tsaunukan Jos ya taso. Can gaba shi ake kira kogin Jama'are. Yakan cika a watan Agusta, ya malala cikin fadamu. A wannan lokaci ne kifi ke bin sabon ruwa ya shiga ciyayi ya yi ƙwai. Tarwaɗa ɗaya tana iya zuba dubban ƙwai. Ita kuwa karfasa, uwar a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama ta a lokacin, ba kifi ɗaya ya kama ba, ya kwashe gida guda ne. Saboda haka ne sarakunan ruwa na da suke hana shiga wasu tafkuna sai ranar da suka sa. Ko a Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ba a barin kowa ya yi su a Matan Fada kafin ranar biki. Shi ya sa ake fito da manya-manyan giwan ruwa.

Damina kuma lokaci ne na haɗari. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka da gonaki masu yawa a Jihar Jigawa. Kogi in ya kawo, gwanin iyo ma ya yi hattara, yara kuwa a hana su kusantar gaɓa.

To, watannin nan na jira su ne na gyaran kaya. Masunci ya baza komarsa ya duba, ya ɗinke inda ta yage. Ya wanke ta, ya shanya a inuwa, domin rana tana cinye zaren roba. Ya rataye ta sama inda ɓera ba zai kai ba. Ƙugiyoyin mamari a goge tsatsa, a shafa musu ɗan mai. Goran da ake hawa a duba ko ya tsage. Gora mai tsaguwa ya sha kai mutum tsakiyar ruwa ya bar shi.

Babbar magana ita ce idon koma. Masunta da yatsa suke auna shi. Koma mai ido yatsa uku takan kama kifin da ya girma, ƙanana su wuce. Mai yatsa ɗaya ba ta barin komai. Mafi muni shi ne gidan sauro da wasu ke mayarwa taru. An raba shi ne don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro. In an kai shi tafki, an yi asara biyu: yaro ya kwana a fili, 'ya'yan kifi kuma sun ƙare. Zuba guba irin su Gamalin a ruwa ya fi wannan ma. Tana kashe kifi babba da yaro, ta cuci mai ci, ta cuci dabbar da ta sha ruwan. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta su da guba ko da nakiya.

Daga Nuwamba in hunturu ya shigo, ruwa yakan yi sanyi. Kifi sai ya koma ƙasa, ya rage cin abinci, musamman karfasa. Mai fatsa kada ya yi sammako, ya bari rana ta ɗaga, ya jefa wurin da ya fi zurfi. Tana da gara suna jawo tarwaɗa. Cikin mali kuwa dusa ake sawa. A ƙasashe irin su Kanada da Rasha sanyi yakan daskarar da saman tafki har mutum ya taka. Sai su huda ƙanƙarar su zura fatsa. Ko can ɗin, a ƙasan ruwa kifin yake.

Wajen Fabrairu zuwa Afrilu ƙananan tafkuna sukan ƙafe. Nan ne ake su na gayya. Gaiwa takan shige cikin laka ta kwanta har ruwan sama ya dawo. Kada a tone su duka, a bar iri.

Mai yawan shiga ruwan da ba ya gudu ya lura da fitsarinsa. In ya ga jini, mai yiwuwa tsargiya ce, kuma akwai maganinta a asibiti.

Kifin da ba a sayar ranar ba, a fasa cikinsa, a wanke, a sa gishiri, a yi banda da wuta marar ƙarfi har ya bushe sarai. Kada a fesa masa maganin ƙwari. In ana tsoron tsutsa, a riƙa mayar da shi kan hayaƙi bayan 'yan kwanaki har ranar kasuwa.