Kabewar da Ke Nuna a Kan Soro

A ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa, har zuwa Maraɗi da Damagaram, ba kowa ke ware wa kabewa gonarta ita kaɗai ba. A gefen gero da dawa ake jefa irinta, ko a bayan gida kusa da juji inda ƙasa ta sha taki, sai ta yaɗu yadda ta ga dama, ta kama danga, ta bi zana, wani lokaci har ta haye rufin ɗaki. Sai dai ba ta yin 'ya'ya lokaci guda. A yaɗo ɗaya za ka ga wadda ta ƙosa, da wadda ta fara tauri, da ƙarama mai fure a baki. Damina kuwa ba ta jira. Ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba ruwa ya ɗauke, ganye ya bushe, kuma da an kwashe amfanin gona za a saki dabbobi. Akuya ba ruwanta da nuna ko rashin nuna. Shi ya sa ake yanko su gaba ɗaya, nunannu da ɗanyu, a kai gida.

Daga nan aikin ya koma hannun mata, musamman tsofaffi. Tsohuwa za ta zauna a tsakar gida tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ta danna farce a bawo, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa tana saurare. Wadda farce ya kasa shiga, ta ajiya ce. Wadda ya shige ba gardama, ba za ta taɓa nuna ba, tukunya ce makomarta, a yi fate da ita kafin ta lalace. Ta tsakiyar, mai bawo da ya fara tauri amma da sauran kore, ita ake yi wa hidima.

Tun a gona ake kiyaye abu guda: ba a fizge kabewa, da wuƙa ake yanke ta, a bar mata guntun kara kamar tsawon yatsa. In yaro ya ɗauko ta ta wannan guntu, nan take zai ji murya: "Kai, rungumo ta! In ka ɓalle mata kan nan, kai za ka sha ruɓaɓɓiya." Tsohuwar tana da gaskiya, domin ta wurin da karan ya ɓalle ruɓa ke fara shiga.

Na tsakiyar nan, sai a hau da su kan soro, ko kan rumfa, a jera su ba mai taɓa wata, ɓangaren da ya kwanta a ƙasa yana kallon rana. Bayan kwana biyu ko uku a juya su. Ranar kaka tana da zafi, tana iya ƙona bawo ya yi tabo, don haka masu lura kan yafa musu ɗan kara ko tsohuwar tabarma da tsakar rana. Cikin kwana goma zuwa mako biyu bawon ya yi ƙarfi, ƙananan ƙwarzane sun warke, ciki ya ƙara ja, zaƙi ya shigo. Gaskiya dai ba ta kamo wadda ta nuna a jikin uwarta, kuma ba a ɗibar iri daga gare ta. Irin baɗi daga babbar da ta ƙosa a gona ake fitar da shi, a wanke, a shanya, a cuɗa da toka a zuba a gora.

Wurin ajiya inuwa ce mai iska: ƙarƙashin gado, ko lungun ɗaki, a kan kara ko katako, ba a kan ƙasa tsirara ba saboda gara da danshi. Hunturu na taimakawa ƙwarai, iskarsa busasshiya ce. Ɓera ne babban abokin gaba. Ana leƙawa lokaci-lokaci, wadda ta fara laushi a fitar da ita tun ba ta shafa wa sauran ba. Waɗanda suka nuna a soro su ake fara ci, ƙosassun kuwa kan yi watanni.

Amfanin wahalar sai an shiga rani yake fitowa, lokacin da mai kayan miya a kasuwa irin ta 'Yankaba a Kano ke sayar da ita yanka-yanka. Gidan da ke da kabewa a ƙarƙashin gado ba ya rasa miyar taushe ranar suna ko biki, da yakuwa da alayyafo da gyaɗa, a ci da tuwon shinkafa ko waina. In tumatir ya yi tsada ma, ita ke ba miya kauri da launi.

Kabewa in an fasa ta ba ta daɗewa, kuma babba ta fi ƙarfin tukunyar gida ɗaya. Ranar da aka fasa, yara ne ke yawo da ƙwarya, wannan yanki na Goggo, wannan na maƙwabciya, wannan a kai gidan liman. Abin da ya rage a fere shi, a yanka siri-siri a shanya a tabarma, in ya bushe ƙamas a ɗaure a buhu, a riƙa jiƙawa ana miya har ruwan sabuwar damina ya sauka.