Idan Sihiri Biyu Suka Yi Karo A Kan Tebur, Wa Ke Da Gaskiya?

Duk ɗan kasuwar da ya saba tsallaka iyaka da kaya ya san abin da ake nufi da dokoki biyu su haɗu a kan buhu ɗaya. Takardar da ta wanke ka a wannan ɓangare, da ka taka wancan ɓangaren sai a ce ba a san da zamanta ba, alhali kowane jami'i yana riƙe da littafinsa, kuma kowa a cikinsu gani yake shi ne a kan daidai. To, a ƙasar Amurka akwai wani wasa da aka shafe sama da shekara 50 ana yin sa, wanda irin wannan karo na dokoki ya daɗe yana hana masu yin sa barci, har ta kai kamfanin da ke buga littattafansa ya ware mutum musamman don amsa tambayoyin masu gardama.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fito da shi a shekarar 1974 a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Bugun farko kwafi 1,000 ne kacal, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, ana sayar da su dala 10. A shekarar 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR, sannan a 1999 shi ma babban kamfanin kayan wasa na Hasbro ya haɗiye shi.

Yadda ake wasan shi ne, mutum huɗu ko biyar za su zauna a kewaye da tebur, kowa da takarda da fensir. Kowane ɗan wasa yana da jarumin da ya ƙirƙira, wani mayaƙi, wani ɓarawo, wani matsafi. Mutum ɗaya ne ba ya da jarumi, shi ne jagoran wasa, wanda ke ba da labari kamar mai tatsuniya, yana kuma riƙe da abokan gaba da dodanni, sannan shi ne alƙali. Idan ɗan wasa ya ce jaruminsa zai yi wani abu mai haɗari, sai a jefa dayis irin na ludo, sai dai babban nasu fuska 20 gare shi, lambar da ta fito ita za ta nuna ko an yi nasara.

Ya kamata a faɗi wani abu tun da wuri, domin kalmar sihiri ba ƙaramar kalma ba ce a wurinmu. Sihirin wannan wasa lissafi ne a kan takarda: babu surkulle, babu turare, babu kiran kowa. Ɗan wasa zai ce ya jefa ƙwallon wuta, sai ya watsa dayis takwas masu fuska shida, a tara lambobin, a cire daga makin ran abokin gaba. Ko a Amurka ma an yi wa wasan ca a shekarun 1980, inda wasu iyaye da malaman coci suka zarge shi da koya wa yara tsafi. Ko ya dace mutum ya yi wasan ko bai dace ba, wannan magana ce tsakaninsa da malaminsa. Abin da ya ja hankalinmu a nan shi ne yadda suke raba gardama.

Ƙa'idar da ke saman sauran

A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, akwai sihiri ɗaruruwa, an jera su daga mataki na 1 zuwa na 9, ban da ƙananan da ake ƙirga su a mataki na 0. Kowanne da nasa sharuɗɗa, saboda haka dole wani ya ci karo da wani. Maganin da littafin ya bayar tun a shafukan farko shi ne, idan dokar da ta keɓanci abu guda ta saɓa wa dokar gama-gari, to keɓantacciyar ake bi. Waɗanda suka zauna gaban malamai suka karanci usulul fiƙihu ba za su ji wannan baƙo ba, domin sun san zancen ammi da hassi, kuma lauyoyi ma suna da irin wannan ƙa'ida tun zamanin Rumawa.

Ga misali mai sauƙi. Akwai wani sihiri na mataki na 1 da ke harba kibau uku na haske waɗanda ba sa kuskure, ba a ma jefa dayis don a ga ko sun samu mutum. Amma akwai wani sihirin garkuwa, shi ma na mataki na 1, wanda aka rubuta ƙarara a cikinsa cewa waɗannan kibau ba sa yi wa mai shi komai. Kiban sun yi magana a kan kowa da kowa, garkuwar kuwa ta kira sunan kiban, don haka garkuwa ta ci. Nan babu rigima.

Rigimar tana tasowa ne idan kowane ɓangare ya ce tasa dokar ce keɓantacciya.

Makari a kan makari

Mu ɗauka mutum biyar sun shafe wata takwas suna haɗuwa kowane mako a kan labari guda. Yau sun iso gaban babban matsafin da suke nema, kuma jarumin ɗaya daga cikinsu yana kwance, saura ƙiris ya mutu. A wannan wasa mutuwar jarumi ba abin dariya ba ce, domin aikin wata takwas ne zai bi ruwa, sai dai mai shi ya ɗauki sabuwar takarda ya fara daga tushe idan ba a samu hanyar dawo da shi ba. Ɗan wasan da ke riƙe da matsafin ƙungiyar ya ce ya jefa ƙwallon wuta don ya gama da abokin gaba kafin ya ƙarasa ɗan'uwansu. Jagoran wasa ya ce abokin gaba ya tare wutar da makari, wanda littafin ke kira Counterspell. Nan take ɗan wasa ya ce shi ma ya jefa nasa makarin a kan makarin abokin gaba.

Jagora ya ce ba zai yiwu ba, mutumin da ke tsakiyar jefa sihiri ɗaya ina ya ga hannun jefa na biyu? Ɗan wasa ya ce a nuna masa inda aka hana.

Wa ke da gaskiya? Amsar ta danganta da littafin da ke kan teburin. A dokokin 2014 ɗan wasa ne a kan daidai. Makari yana cikin abin da ake kira martani, kuma kowa yana da martani ɗaya a kowane zagaye, yana iya amfani da shi ko da a lokacin da shi ne ke da wasa. Kamfanin da kansa ya tabbatar da haka a cikin tarin amsoshin da ya wallafa. Makari na mataki na 3 ne, yana kashe duk sihirin da bai wuce mataki na 3 ba kai tsaye. Idan ya wuce, sai an jefa dayis an kai 10 haɗe da matakin sihirin. Tunda makarin abokin gaba na mataki na 3 ne, ya mutu, wuta ta tashi. Abin da ke hana wannan musayar zarcewa har gari ya waye shi ne martanin kowa ɗaya ne, da ya kashe shi sai wani zagaye.

Amma a shekarar 2024, lokacin da wasan ya cika shekara 50, an fito da littafin da aka yi wa gyara. A cikinsa aka ce ɗan wasa ba zai kashe gurbin sihiri fiye da ɗaya ba a wasansa guda. Ƙwallon wuta ta riga ta ci gurbi ɗaya, saboda haka babu damar makari. Idan wannan littafin ne a kan tebur, jagora ne ke da gaskiya. An kuma canza makarin kansa: yanzu wanda aka jefa wa shi ne zai jefa dayis ya gwada juriyarsa, idan ya faɗi sihirinsa ya lalace, amma gurbinsa bai ƙone ba. Aiki ɗaya, tebur ɗaya, ya halatta a littafi ɗaya ya haramta a ɗaya, kuma har yau ana amfani da littattafan biyu. Shi ya sa masu hankali a cikinsu suke yanke shawarar littafin da za a bi tun kafin a jefa dayis na farko, kamar yadda ake fara sanin da naira za a yi ciniki ko da sefa kafin a taya.

Haske da duhu

Wani wurin kuma mataki ne ke raba faɗa. Sihirin duhu na mataki na 2 ne, yana rufe fili ƙafa 15 ta kowane gefe, fitila ba ta haska shi, kuma yana kashe duk sihirin hasken da bai wuce mataki na 2 ba. Sihirin hasken rana na mataki na 3 ne, yana kashe duhun da bai wuce mataki na 3 ba. To amma doka ta yarda matsafi ya ɗaga sihirinsa ta hanyar kashe gurbi mafi girma, kuma idan aka jefa duhu da gurbi na 4 ya zama na mataki na 4, hasken rana ba zai iya kashe shi ba. Wanda ya fi zuba jari shi ke da kasuwa.

Wannan sihirin hasken rana ma ya jawo wata doguwar gardama. Akwai dodo mai shan jinin mutane wanda rana ke ƙona shi. Masu wasa suka ce ai sunan sihirin ya isa hujja. Hukuncin da aka bayar a kan dokokin 2014 shi ne a'a, haske ne mai ƙarfi kawai, ba rana ba ce, domin abin da aka rubuta a cikin sharuɗɗa ake bi, suna ba ya yanke hukunci. A 2024 sai aka gyara rubutun aka mai da shi rana ta sosai. A ganina da ma haka ya kamata tun farko, domin wanda ya rubuta sukari a jikin buhu bai kamata ya ga laifin wanda ya zuba a shayi ba.

Game da tara sihiri a kan mutum ɗaya kuwa, dokar 2014 gajera ce. Sihiri daban-daban suna haɗuwa, amma iri ɗaya sau biyu ba ya ninkuwa, mafi ƙarfi ne ke aiki. Sannan yawancin sihirin da ke daɗewa yana buƙatar mai shi ya tattara hankalinsa a kai, kuma ba a tattara hankali a kan biyu, da ka fara na biyu na farko ya faɗi. Wannan sauƙaƙawa ce babba idan aka kwatanta da bugu na uku na shekarar 2000 da gyaransa na 2003, inda ƙarin maki ya kasu iri-iri, na sa'a daban, na ƙarfin zuciya daban, na kaucewa daban, wasu suna taruwa wasu ba sa taruwa, har sai ɗan wasa ya koma tamkar akawu kafin ya kai sara ɗaya.

Sai dai sauƙi ma yana da nasa abin mamaki. Akwai dokar da ta ce wanda ke da rinjaye ya jefa dayis biyu ya ɗauki babba, wanda ke da cikas ya jefa biyu ya ɗauki ƙarami, idan kuma duka biyun suka haɗu sai su share juna ko da ɗaya ya fi yawa. Yanzu a sa mayaƙa biyu a cikin sihirin duhu. Mai kai sara ba ya ganin abokin faɗansa, cikas ke nan; abokin faɗan ma ba ya ganin sa, rinjaye ke nan. Sun share juna, don haka makafi biyu a cikin duhu za su yi faɗa daidai da yadda za su yi da rana tsaka. Hankali bai kama ba, amma haka lissafin ya bayar.

Mai magana ta ƙarshe

Babban abin da ke kashe bakin kowa shi ne wani sihiri na mataki na 8 da ke zana da'ira ƙafa 10 a kewaye da mai shi, wadda kusan duk wani sihiri ke daina aiki a cikinta, takobin tsafi ya koma ƙarfe kawai. Sai aka tambaya, to wutar da dodo ke amayarwa fa? Aka amsa cewa wannan halittarsa ce, ba ta cikin abin da doka ke kira sihiri, saboda haka tana ƙona mutum har a cikin da'irar. Wanda ya fake a ciki yana ganin ya tsira, sai ya sha wuta.

Irin waɗannan amsoshi sun samo asali ne daga wani filin tambaya da amsa mai suna Sage Advice, wanda wata ma'aikaciyar TSR, Jean Wells, ta fara a mujallar Dragon a 1979. A zamanin bugu na biyar Jeremy Crawford, wanda ya jagoranci tsara dokokin, shi ya riƙe filin, kafin ya bar kamfanin a 2025. Ya kan duba tambaya ta fuska uku: abin da rubutu ya faɗa, abin da marubuta suka nufa, da abin da zai fi sa wasa daɗi. Duk da haka kamfanin bai taɓa ɗora amsoshinsa a kan jagoran wasa dole ba. A kan tebur jagora ne sarkin kasuwa, abin da ya yanke shi ya zauna.

Nan ne kuma haɗarin yake, domin jagoran nan shi ne ke riƙe da abokan gaba, wato alƙali ne kuma yana da kaya a cikin shari'ar. Idan ya bar nasa matsafin ya yi makari a kan makari a makon jiya, yau kuma ya hana ɗan wasa, babu littafin da zai tsawata masa, amma mako mai zuwa zai iya samun kujeru babu kowa. Abin da gogaggun jagorori suka saba yi shi ne su yanke hukunci nan take don kada labari ya tsaya, su rubuta shi a takarda, bayan an tashi a buɗe littafi a duba tare. Idan ya tabbata jagora ya yi kuskure, kuma kuskuren ya ci ran jarumin wani, da yawansu sukan mayar da labarin baya zuwa daidai inda aka jefa ƙwallon wutar, a sake watsa dayis takwas ɗin.