Gyaran Baki Ba Ya Sayen Daraja: Darasi Daga Wasan Pygmalion

Yawancin waɗanda suka san Eliza Doolittle ta fim ɗin My Fair Lady na 1964 suka san ta, shi ya sa suke ɗaukar labarinta na 'yar talaka ce da ta gyara harshe ta shiga sahun manya. Wanda ya karanta asalin wasan, wato Pygmalion na George Bernard Shaw ɗan ƙasar Ireland, wanda aka fara nunawa a Vienna a 1913 sannan a Landan a 1914, zai ga ba haka zancen yake ba. Shaw ya nuna cewa lafazi riga ce kawai. Kuɗi da yadda jama'a ke ɗaukar mutum su ke yanka masa matsayi, kuma mace ta fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan tsari.

Wasan ya fara ne da dare ana ruwan sama a Covent Garden, masu hali da marasa shi sun fake wuri guda. Eliza tana tallar furanni da karin harshen talakawan Landan, shi kuwa Henry Higgins, masanin ilimin furuci, yana rubuta duk abin da ya fito daga bakinta. Daga nan aka ƙulla caca tsakaninsa da Kanar Pickering cewa cikin wata shida zai mai da ita kamar 'yar sarauta. Gwajin farko a falon mahaifiyar Higgins ya tona asirin manyan gari. Eliza tana furta kowace kalma tsaf, amma zancen da take yi shi ne zarginta cewa kashe gwaggonta aka yi saboda malafa, har ta rufe da ashar. Maimakon a gane ta, sai wata budurwa cikin baƙin ta ɗauka sabon yayi ne, ita ma ta kwaikwaya. Kunnuwansu sauti suke aunawa, ma'ana ba ta dame su ba.

Babbar hujjar tana wajen mahaifin Eliza, Alfred Doolittle, mai kwashe shara. Mutumin da ya karɓi fam 5 a hannun Higgins ya bar masa 'yarsa, daga baya wani attajirin Amurka ya bar masa gadon fam 3,000 a shekara. Bai gyara ko harafi ɗaya a bakinsa ba, amma ga shi cikin tufafin alfarma, likitoci da lauyoyi da dangi suna rububinsa. 'Yarsa kuwa ta sha wahalar watanni ta ƙware, amma ba ko sisi. Daren da aka ci cacar, Higgins da Pickering suka yi ta taya juna murna, ba wanda ya ko dube ta, har ta jefi Higgins da takalmansa na zaman gida. Ta zama jemage, ita ba tsuntsu ba ita ba dabba ba: ba ta iya komawa talla, kuma hanyar da Higgins ya fara hango mata ita ce a nema mata miji. A da furanni take sayarwa, yanzu kanta ake so ta kai kasuwa. Wannan a lokacin da matan Birtaniya ba su da 'yancin zaɓen 'yan majalisa ke nan, sai a 1918 aka fara ba wasunsu, a 1928 aka daidaita su da maza.

Wani zai ce ai Higgins alheri ya yi mata, tun da ita ta kai kanta gidansa tana neman ya koya mata magana don ta samu aiki a shagon furanni. Gaskiya ne ilimin ya amfane ta, har ta yi masa barazanar za ta riƙa koyar da ilimin don neman abinci. Amma da bakinta ta shaida cewa ladabin Pickering, wanda ya kira ta da sunan girmamawa tun ranar farko, shi ya koya mata mutunta kanta. Wani kuma zai ce ƙarshenta soyayya ce ta haɗa malami da ɗaliba. Shaw ya ƙi wannan fassara ƙememe, har ya ƙara wa bugun 1916 bayani cewa wani saurayi mai suna Freddy ta aura suka buɗe shagon furanni. Bai yarda mace ta koma ɗaukar wa wanda ya raina ta takalmi ba.

Mu ma da wasu ke yi wa Basakkwace ko Bakatsine dariya don bai yi Kananci ba, ko ake auna hankalin mutum da santsin Turancinsa, wasan nan da mu yake. Idan mutum ya buɗe baki, a saurari abin da ya faɗa kafin a auna yadda ya faɗe shi.